Wane font mai kauri zan sa a allon shago?

Aminu: Salamu alaikum 'yan uwa, masu dizain a taimaka dan Allah. An ba ni aikin allon wani shagon atamfa, fleks ne babba, mai shagon ya ce shi so yake mutum na cikin adaidaita ya karanta tun daga nesa. Font, wato salon haruffa, mai kauri nake nema, irin wanda O ɗinsa a zagaye yake tsaf, mara ƙananan ƙafafun nan da haruffan font ɗin Times ke da su. Na gaji da Arial Black wlh.

Usman: Wslm. Montserrat ExtraBold ko Black kawai, ka huta. Kyauta ne a Google Fonts, kuma dama daga tsofaffin allunan wata unguwa a Buenos Aires mai shi Julieta Ulanovsky ta samo fasalin, ka ga aikin allo gidansa ne. Sai dai yana da faɗi, in sunan shagon dogo ne zai cinye maka fili.

Hajara: Montserrat kam ya yi yawa a gari, kowace fostar walima shi ne 😂 Ni Futura nake so, tun 1927 Paul Renner ya yi shi a Jamus amma har gobe bai tsufa ba, dubi rubutun tallan Nike mai kaurin nan, ai dangin Futura ne. Matsalar na kuɗi ne. In ba ka da lasisi ɗauki Jost ko League Spartan, suna kama da shi kuma kyauta ne.

Usman: Gotham fa Hajiya? wanda Obama ya yi kamfen da shi a 2008

Hajara: Shi ma sai ka biya. Kuma a allon shago wa zai bambance shi da Montserrat ɗin naka

Malam Bala: Yara duk kun yi magana mai kyau amma ba wanda ya tambayi sunan shagon. Aminu akwai ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki? Don da yawan fonts ɗin nan ba su da haruffanmu masu ƙugiya, kana rubutawa sai ka ga akwati ya fito a gurbin harafin, ko kwamfuta ta aro shi daga wani font siriri, a sikirin ba lallai ka lura ba amma in aka buga shi ƙato kowa sai ya gani. Kafin ka zaɓa rubuta ƙ ɗ ɓ da manyansu Ƙ Ɗ Ɓ ka duba da kyau.

Aminu: Akwai Malam, ƊANƘARO ne sunan, har guda biyu ma

Malam Bala: To ka gani. Wanda duk ya ɗauke su a cikin waɗanda aka lissafa shi za ka bi. In duk sun ƙi, Noto Sans Black yana da su, zagayensa bai kai na Futura ba amma yana karantuwa. Ko ka rubuta da D da K, ka danna Ctrl+Q a manhajar dizain ta Corel rubutun ya koma zane, ka ƙera ƙugiyar da hannu, kaurinta daidai da na harafin.

Hajara: Kuma ka ɗan buɗe tsakanin haruffan, masu kauri in sun matse daga nesa haɗewa suke. Kar ka sa wa haruffan inuwa da layin gefe kala uku dan Allah.

Aminu: Na gode sosai. Bari in gwada Montserrat da League Spartan in turo muku hoto bayan la'asar.

Usman: Ka turo har da girman fleks ɗin, ƙafa nawa ne