Neman kalma: robar da ake kifa wa batirin motocin da

Mai fassara: Jama'a a taimaka, gobe da safe zan miƙa fassarar wani shiri kan masu tara motocin da. Mutum yana da mota ƙirar Ford Mustang ta 1966, ya sa mata batirin zamani, sai ya kifa masa wata roba mai kamar saman batirin Autolite, irin wanda kamfanin Ford ke sa wa motocinsa a wancan lokacin, har da tambari da jajayen murafan da ba sa buɗe komai, don in an ɗaga bonet a ga kamar yau ta fito daga kamfani. Turawa na cewa "replica battery topper". Me zan kira shi?

Ɗalibar Hausa: Murfin batir na jabu.

Tsohon bakanike: 'Yata, ban da murfi. A wurinmu murfi shi ne ƙananan nan da ake kwancewa a zuba ruwan batir, shida a batir mai volt 12, uku a mai volt 6. Wannan kuwa zama yake yi a kai, ya bar ramuka biyu inda kawunan batir ke leƙowa. Hula ce.

Mai fassara: Jabu ma ya yi nauyi, Baba. Ba wanda aka cuta, mai motar ya san abin da ya saya.

Malamin nahawu: Kafin hula, me ya kawo "batir"? Kullum aro, ko kishi babu. Na daɗe ina cewa a koma "rumbun lantarki". A ce "lulluɓin rumbun lantarki".

Ɗalibar Hausa: Allah ya gafarta Malam, lantarkin fa? Shi ma daga Turanci muka samo shi. Haka mota.

Malamin nahawu: Waɗannan sun zauna.

Tsohon bakanike: Batir ma ya zauna tun ina yaron gareji. Ka je ka ce a caza maka rumbu ka ga kallon da za a yi maka.

Malamin nahawu: Ba a gareji ake gina harshe ba.

Tsohon bakanike: Amma can kake kawo motarka in ta ƙi tashi.

Mai fassara: Don Allah a dawo kan hula, dare na yi.

Ɗalibar Hausa: To "hular basaja"? Ai ɓad da kama ake yi, sabo ya fito a tsoho. Kamfanin Ford ma tun wajen 1972 ya bar sunan Autolite ya koma Motorcraft, ka ga kamannin kawai ake nema.

Mai fassara: Basaja ta yi daɗi, sai dai mai sauraro zai zaci fasa-ƙwauri ake. Zan sa "hular batir ta kwaikwayo" a farko da ɗan bayani, daga nan "hular batir" kawai.

Malamin nahawu: Kwaikwayo dai Hausa ce. Sauran ban sa hannu ba.