Nok ko Sukur? Ku taimaka min da shawara kafin Disamba

Baban Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ɗauki hutun aiki ba, bana dai oga ya sa hannu. Likita ya ce sugana ya fara hawa, in rage zama in riƙa takawa. Ga ƙanena da ke karatu a Malesiya zai zo gida, kullum cikin turo mana hotunan hawan dutse yake, har ya ce wai mu a Arewa ba mu da wurin zuwa sai gidan biki da gidan gaisuwa. Maganar nan ta tsaya min a rai. Uwargida kuma ta ce ta gaji da kai yara wurin lilo. Na yi ta tankaɗe da rairaya, saura biyu: ƙauyen Nok a ƙaramar hukumar Jaba ta Kaduna, da Sukur a Madagali ta Adamawa. So nake mu kwana a fili, mu hau dutse, yara su ga tarihi da idonsu. Daga Kano za mu tashi. Wanne za mu je?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Wannan ma har abin tambaya ne? Sukur. Shi ne wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, tun 1999. A gindin dutse za ka ajiye mota, ka bi hanyar da aka shimfiɗa da duwatsu tun kaka da kakanni har fadar Hidi, sarkinsu. Gonakinsu hawa-hawa a jikin dutse, ga tsofaffin wuraren narka ƙarfe. Nok fa? Kayan an kwashe, suna gidajen tarihi na Jos da Kaduna, wasu ma suna Turai.

'Yar Kwoi: Haba Baba Direba, ka taɓa zuwa kuwa? A Nok masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, daga nan sunan ya zaga duniya. Wani kan da aka kai wa Bernard Fagg, Baturen nan mai binciken kayan tarihi, a 1943, a gona aka same shi an kafa yana tsorata tsuntsaye, abin da ya haura shekara 2000! Akwai ɗan gidan tarihi a garin, akwai duwatsu, ga gonakin citta. In kun gama ku gangara Kafanchan ku ga ruwan Matsirga. Daga Kano sai Kaduna, Kachia, Kwoi, yini ɗaya kun isa.

Maman Sadiq: Baban Ikram, ba ka faɗa mana shekarun yaran ba, ko kwana nawa, ko nawa ka ware. Kuma mai suga da hawan dutse, ka tambayi likitan?

Baban Ikram: Hajiya, yaran sun yi wayo. Sugan ma ba wani can ba ne, ai shi ya ce in taka.

Maman Sadiq: Takawa ya ce, bai ce ka hau duwatsun Mandara inda Sukur take ba.

Malamin Firamare: Ni tsaro ne damuwata. A 2014 Boko Haram sun hau Sukur sun ƙona gidaje, kuma Madagali na bakin iyakar Borno. Kada ka ɗebi iyali sai ka yi magana da ɗan gari, ba ɗan Facebook ba.

Tsohon Direba: Malam, labarin 2014 kake ba mu? Na yi Gombe, Biu, Garkida, Hong, Michika har Gulak ta Madagali tun kana aji uku. Ka yi sammako, kada magariba ta same ka a hanya, shi ke nan. Hanyar Kachia ɗin ita lafiya lau take?

'Yar Kwoi: Kullum mu ake gani. Mutane na zuwa Kwoi bikin Tuk Ham na al'adun Jaba duk shekara suna komawa gida lafiya.

Ɗan Kasuwar Kwari: Ni dai kada ka tura wa kowa kuɗin masauki tun daga gida. Bara na biya wani otal rabin kuɗi, muka isa da dare da yara, aka ce ɗakin an ba wani babban mutum. A mota muka kwana, sauro ya yi walima. Har yau manajan ba ya ɗaga wayata.

Abu Hafsa: Tsakani da Allah, ka ɗauki yara ka kai su kallon gumaka?

Malamin Firamare: Ba bauta zai je yi ba, akhi. A manhajar makaranta ma ana koyar da Nok.

Abu Hafsa: To ga Birnin Kudu nan kusa da shi a Jigawa, akwai zanen dā a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Ya je da safe ya dawo da yamma.

Baban Ikram: Na gode, amma in na ce Birnin Kudu ƙanen nan nawa dariya zai yi min. Kuma gaskiya na riga na nuna wa yara hotunan Sukur, Ikram har ta faɗa wa 'yan ajinsu. Sai dai nisan ne, ga kuɗin mai.

Tsohon Direba: Ka gani? Zuciyarka ta riga ta zaɓa. Ku tafi da bargo mai kauri, sanyin hunturu a kan dutsen nan ba na Kano ba ne. Maganar kwana a fili kuma ka bar ta sai abin da masu gari suka ce.

'Yar Kwoi: To me ya sa ka tambaye mu tun farko?

Baban Ikram: Ban yanke ba fa, 'yar uwa. Yanzu ma uwargida ke gaya min mahaifiyarta ta ce da ita za a je, kuma tana fama da gwiwa. Akwai wanda ya san ko ana samun jaki a gindin dutsen?

Maman Sadiq: Ikon Allah. Har yanzu dai ba ka faɗi shekarun yaran ba.