Jirgina na rimot yana tsalle a kan ruwa, ya ƙi tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Agege, na haɗa ƙaramin jirgin sama na rimot, na yi masa ƙafafu biyu masu kamar kwalekwale don ya tashi daga ruwa. Sau uku ina kai shi bakin lagun, wato babban tafkin Legas, a Akoka. Da na ba shi totur sai hanci ya ɗaga ya faɗi, ya ɗaga ya faɗi, tsallen na ƙaruwa har ya kife. Wata huɗu na yi a kansa, wallahi abin na damuna. Ina kuskuren yake?

Injiniya, Ikeja: Wa alaikumus salam ƙanena. Juya ƙafar ka duba ƙasanta. Akwai mataki, wato inda gindin ya yanke ya hau sama kamar matakala? Shi ke raba ƙafar da ruwa, in babu shi ruwa zai riƙe bayan. Wurinsa kuma kaɗan a bayan cibiyar nauyin jirgin. Ɗora jirgin a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, inda ya daidaita nan ce cibiyar. Bakin matakin ya zama mai kaifi, kada ka goge shi ya yi zagaye.

Mai tambaya: Akwai matakin Yaya, amma na goge bakinsa sumul, kuma batir yana can baya.

Injiniya: To ka gani. Sake yanka bakin, ka matso da batir gaba. Sannan hannunka: yayin da jirgin yake gudu a kan matakin akwai iyakar ɗagawar hanci, sama da ƙasa. Ka wuce kowacce, tsalle zai fara. Kada ka bi tsallen da rimot, kullum a makare za ka zo, ƙara shi za ka yi. In ya yi biyu ko uku bai lafa ba, sauke totur ka sake farawa.

Baba, Idi-Araba: Yaro, girgiza ƙafafun ka ji ko ruwa ya shiga. Ruwan ciki gudu yake gaba da baya, ya ɓata maka duk awon. Shi ya sa ƙafafun manyan jirage ake raba cikinsu ɗaki-ɗaki. Ka fuskanci iska, kuma ruwa mai ɗan motsi ya fi wanda ya kwanta lumui sakin jirgi. Jira igiyar da jiragen ruwa na fasinja ke tayarwa ta wuce. Ruwan nan da gishiri, ka wanke injin in ka dawo.

Mai tambaya: Na girgiza Baba, ta hagu da ruwa a ciki. Allah ya saka da alheri, Asabar zan koma.