Da me ake tabbatar da ilimi?

Ɗaliba: Assalamu alaikum. Malamai, tunda ido yana ƙanƙanta tauraro, kuma mai mafarki yana gaskata mafarkinsa, da me za mu tabbatar da abin da muka sani, har samuwar Allah?

Malamin Zaure: Wa alaikumus salam. Imam Gazali ya yi fama da irin wannan shakka kusan wata biyu, kuma ya ce ba hujja ce ta warkar da shi ba, haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa.

Baƙo: Allah gafarta Malam, wannan amsa ba za ta gamsar da marar imani ba. Descartes, masanin Faransa, ya fara ne da cewa mai shakka dole akwai shi.

Ɗaliba: Samuwata na yarda, amma ta yaya take kaiwa ga samuwar Mahalicci?