Neman shawara: in bar aikin wod in koma bin masu ciwon zuciya gida-gida?

'Yar Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya na wannan zaure. Don Allah shawara nake nema. Shekarata uku a Ingila, ina aiki a wod ɗin masu ciwon zuciya, har yanzu Band 5 nake a matakin albashi. Asibitinmu sun fitar da gurbin Band 6 na nas mai kula da masu gazawar zuciya a cikin gari, wato bin su gida bayan an sallame su, wasu ranakun kuma zaman kilinik. Litinin zuwa Juma'a ne, babu kwana. Ni kuwa aikin dare ya ishe ni, yarana biyu ƙanana, babansu ma kwana yake yi a wurin aiki. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, a wod in abu ya rikice likita na kusa. A falon mutum fa, wa zan kira? Ga shi ko wata uku ban yi da cin jarrabawar tuƙi ba. Wanda ya san aikin nan ya taimaka.

Maman Khalifa:
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Shi nake yi, shekara huɗu ke nan. Ki fara cire wa ranki cewa hutu za ki je. Ƙafa tana hutawa, kai ne ba ya hutawa.

Gundarin aikin shi ne hawa da magani a hankali. Mai raunin bugun zuciya ana son ya hau kan gida huɗu na magani: irin su ramipril ko Entresto, sai bisoprolol, sai spironolactone, sai dapagliflozin ko empagliflozin. A wod ana fara masa kaɗan a sallame shi, ke ce za ki riƙa ƙarawa mako bayan mako, kina kallon awon jini da bugun zuciya. In kin ƙara ramipril ko spironolactone, cikin mako ɗaya zuwa biyu sai an ɗebi jini an duba ƙoda da fotasiyam. Sakamakon kan zo ƙarfe huɗu na yammar Juma'a, kuma ke yake jira.

Amma gida yana nuna miki abin da wod ke ɓoyewa. Akwai wata tsohuwa da na je wa, kullum a waya cewa take lafiya lau. Ina shiga na ga ta yanke bayan silifas ɗinta saboda ƙafa ta ƙi shiga, ga filo uku a kan kujerar falo, ashe kwana biyar ke nan a zaune take barci. Maganin fitsarin kuma, furosemide, yana nan a fakitinsa. Banɗakinta a sama yake, hawa bene na sa ta haki, shi ya sa ta daina sha. Da muka samo mata kujerar bahaya ta ƙasa, ta koma shan maganinta, ba a sake kwantar da ita ba wannan hunturun. Shi ya sa kicin ma leƙawa nake yi. Wani ya bar gishiri ya sayi LoSalt, wani madadin gishiri, yana ganin ya yi dabara, alhali fotasiyam ne cike a ciki, ga shi yana shan spironolactone, wanda shi ma ke ƙara fotasiyam a jini.

Maganar wa za ki kira, ba a jefa ki daji ba. Akwai likitan zuciya da muke zama da shi mu bi sunayen marasa lafiya, akwai na sama da ke a waya. Sai dai ke ce ido, abin da kika faɗa da shi za a yi aiki.

Baban Sadik:
Sista, ni ta fuskar aljihu zan zo. Ɗauko takardar albashinki ta wata uku ki ware kuɗin dare da na ƙarshen mako. Dare da Asabar ƙarin kashi 30 ne, Lahadi kashi 60. Duk wannan zai tafi. Matata da ta koma aikin rana, sunan ta hau mataki, amma abin da ya shigo asusu a watan farko har ya ɗan gaza na da. Sannan inshorar mota sai kin sa an ƙara miki ta zirga-zirgar aiki, ga ki sabuwar direba, za su tsuga miki. Ana biyan kuɗin mil, amma sai kin cike takarda kin jira. Ban ce kar ki je ba, ki dai yi lissafi da biro.

Ummu Hanan:
Ki nema kawai. Barcin dare a gadonki ma albashi ne wallahi.

Anti Sista:
Baban Sadik, lissafinka na wata ɗaya ne. Wannan layin shi ke kai mutum Band 7, in ta yi kwas ɗin rubuta magani, V300. 'Yata, ranar intabiyu ki tambaye su baki da baki: za su biya miki kwas ɗin, kuma yaushe? In suka fara kame-kame, ki yi tunani. Nas ɗin da ba ta rubuta magani, duk ƙarin da za ta yi sai ta bi likitan unguwa da wasiƙa, wani lokaci mako guda magani bai canza ba.

Ki kuma je da alƙalumanki a ka. Gwajin jini na NT-proBNP, wanda ake yi in ana zargin gazawar zuciya, in ya haura 2000, a ga mutum a yi masa hoton zuciya cikin mako 2. Tsakanin 400 da 2000, mako 6. Wanda aka sallama a gan shi cikin mako 2. Nauyi ya ƙaru fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, ya kira ku. Kuma ki shirya wa abin da ba a faɗa a talla: da yawansu ba warkewa za su yi ba. Wata rana ke za ki zauna da iyali ki buɗe maganar ƙarshen rayuwa, har da batun kashe na'urar girgiza zuciya da aka dasa wa mutum. Na fi shekara kafin bakina ya saba.

Abu ɗaya da kike da shi, ki faɗe shi. In unguwar akwai Musulmi, azumi na zuwa za a rasa mai zama da dattijo a tsara masa lokacin shan maganin fitsari tsakanin buɗa-baki da sahur, ko a lallashe shi ya ciyar.

Nas daga Kano:
Ina karantawa ina jin kishi. Mu nan masu jego ne ke cika mana gado, zuciya ta buɗe bayan haihuwa, yarinya 'yar shekara ashirin ƙafa kamar turmi. A sallame ta, ta koma gida a ci gaba da ɗura mata kunun kanwa, miya kuma dunƙule huɗu. Babu mai bin ta, sai ta dawo a kwance. Ki koyo aikin nan da kyau don Allah, ko ta waya kya koya mana.

'Yar Zazzau:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baban Sadik, na yi lissafin, akwai giɓi amma kuɗin mai rainon dare da zan daina biya ya kusa cike shi. Anti, na rubuta tambayar V300 a saman takardata. Na roƙi shugabar sashen ta bar ni in bi ɗaya daga cikinsu ranar Alhamis in gani da idona, ta amince. Maman Khalifa, sikeli da na'urar awon jini su ke bayarwa, ko in tanadi nawa?

Maman Khalifa:
Su ke bayarwa. Ke dai ki tanadi takalmi mai saurin cirewa, kuma kafin ki ƙwanƙwasa kowace ƙofa ki duba takarda ko an rubuta akwai kare.