Girman bim da tsagewar karkace: abin da injiniyoyi suka tsaya a kai

Wata tattaunawa tsakanin injiniyoyi ta taso ne daga tambaya guda: idan an ninka zurfin bim ɗin kankare (dogon kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai yana ɗaukar nauyi), ƙarfinsa na jure yanka, wato nauyin da ke neman tsaga shi kusa da ginshiƙi, zai ninku? Amsar da aka fi yarda da ita ita ce a'a, musamman idan babu zoben rodi a ciki, wato siraran rodunan da ake lanƙwasawa su zagaye dogayen rodunan bim.

Dalilin yana cikin tsagar kanta. A bim mai zurfi, tsagar da ke tashi a karkace daga kusa da ginshiƙi tana buɗewa da faɗi, sai tsakuwar da ke gefe biyu ta daina cizon juna. Da zarar cizon ya ragu, bim na iya karyewa farat ɗaya, ba tare da ya lanƙwasa ya yi gargaɗi ba. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Gwaje-gwajen wani mai bincike mai suna Kani a Toronto ta Kanada a 1967 sun nuna hakan ƙarara, amma an daɗe ana dogaro da lissafin da aka samo daga ƙananan bim.

Shawara ta farko: a sa zoben rodi ko da lissafi ya ce kankare kaɗai ya isa, domin shi ke riƙe bakin tsaga. Wasu sun ƙara da cewa a jera siraran roduna a gefunan bim mai zurfi.

Sannan a duba ƙa'idar da ake aiki da ita. ACI 318 ta 2019, ƙa'idar ginin kankare ta Amurka, tana rage ƙarfin da ake ba kankare a lissafi idan zurfi ya wuce milimita 250 kuma zoben bai kai mafi ƙarancin adadi ba. Eurocode 2 ta 2004, takwararta ta Turai, tana fara ragewa daga milimita 200.