Don Allah a ba ni shawara: in dafa musu abincin taron ko in janye?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Raina a jagule yake. Ina aikin kula da wata tsohuwa Bayahudiya a nan New York, ni ke mata wanka, ni ke ba ta magani, ni ke juya ta a gado. Da mahaifiyata ta rasu a Kumasi, 'yarta ce ta cika min kuɗin jirgi, ta riƙe min aikina har na dawo. In lokacin salla ya yi, tsohuwar da kanta take nuna min agogo. To 'yar ce za ta tara mutanen majami'arsu a gida ranar Lahadi, a haɗa kuɗi wa makarantun Hand in Hand na can Isra'ila, inda yaran Larabawa da na Yahudawa ke zama aji ɗaya, ana karantar da su da Larabci da Ibrananci. Ta ce in dafa musu shinkafa da wake, ita za ta sayo nama wajen mahautansu, kar dai in haɗa tukunyar nama da ta madara. Na riga na ce to. Maigida ya ji, ya ce in na dafa na sa hannu a jinin Gaza. Tun jiya bai taɓa abincina ba. Ya zan yi?

Alhaji Baban Yara:
Ƙanwata, mijinki ya hango abin da ba ki hango ba. Larabawan Isra'ila sun kai kashi 21 cikin 100 na mutanen ƙasar, amma daga 1948 har 1966 a ƙarƙashin mulkin soja suka zauna, sai da takardar izini mutum zai bar garinsu. A 1976 aka kashe 6 don sun fito kan ƙwace filaye. A 2018 majalisa ta yi dokar da ta ce Yahudawa kaɗai ke da haƙƙin cin gashin kai a ƙasar, aka sauke Larabci daga matsayin harshen gwamnati. Su waye suka riƙa jefa kuɗi a asusun sayen filayen nan tun farko? Yahudawan waje ne, da 'yan akwatunansu masu launin shuɗi. Yanzu kuma a zo da 'yan makarantu a ce daidaito? Wanke suna ne kawai. Ki janye.

Hajiya 'Yar Zango:
Ni dai mazan nan sun ishe ni. Nawa ma haka ya hana ni wani aiki mai kyau, ya ce gidan akwai kare, ƙarshen wata kuma ni ya zuba wa ido in biya haya. Maigidanki zai ba ki kuɗin in aikin ya tafi? Ki dafa abinki ki yi shiru.

Maman Ummi:
Hajiya ba maganar kuɗi ba ce. Alhaji kuma matar nan ba ta wanke wa kowa suna, na ga tana kuka a gaban talabijin kan yaran Gaza, har ƙaninta ya daina yi mata magana.

Ɗan Agadas:
Alhaji, duk abin da ka faɗa haka yake, sai dai rabi ka kawo. Yahudawan Amurka ba baki ɗaya suke ba. Waɗansunsu ne suka kafa New Israel Fund a 1979, kuma kuɗinsu na zuwa ga lauyoyin da ke maka gwamnatin a kotu. A shekarar 2000 kotun ƙoli ta ba iyalin Ka'adan gaskiya, bayan an hana su gina gida a Katzir don kawai su Larabawa ne. Mansour Abbas, shugaban jam'iyyar Musulunci, da ƙafarsa ya shiga gwamnatin haɗaka a 2021, aka ware wa garuruwan Larabawa kimanin shekel (kuɗin Isra'ila) biliyan 30 na shekara 5. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. In iyayen yaran da kansu suke kai su makarantar, mu daga nan ba za mu fi su kishin kansu ba.

Alhaji Baban Yara:
Ɗana, biliyan 30 ɗin me ta tsare? A 2023 an kashe sama da mutum 240 a garuruwan Larabawa, 'yan daba na cin karensu babu babbaka, yawanci ba a kama kowa ba. Ƙauyen Arakib na Badawiyawa a hamadar Naƙab an rusa shi fiye da sau 200. Akwai ƙauyukan Badawiyawa da har yau ba su kan taswirar gwamnati, ba ruwan famfo ba lantarki. Kuma Larabawan da yawa ba su goyi bayan Abbas ɗin ba. Kai yaro ne, ba ka san siyasa ba.

Ɗan Agadas:
To Baba, in an bar makarantar ta mutu, an tayar da Arakib ke nan?

Malama Talatu:
Ku bar musu. Ita da mijinta ne abin dubawa. Maman Ummi, me ya sa kika amsa kafin ki shawarce shi? Kuma shi yana da wani a can ne, ko wa'azi ya ji? Ki je ki ba shi haƙuri, ki ce wa matar ba ki da lafiya.

Maman Ummi:
Malama ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta taɓa yi min ba. Kuma kullum ni ke dafa wa tsohuwar abinci bai taɓa cewa uffan ba, shi ya sa ban ga abin shawara ba. Ni ba gwamnatinsu zan dafa wa ba, yaran nan rabinsu Larabawa ne.

Alhaji Baban Yara:
Kin nemi shawara an ba ki, kina ta kare kanki. Ki turo min lambar mijin naki ta ciki, ni zan yi magana da shi.

Maman Ummi:
A'a Alhaji, bai san na kawo maganar nan ba. Don Allah babu wanda ya taɓa shiga irin wannan ne? Gobe za ta kai ni sayayya.